ƊAKIN KWANA KO ƊAKIN KALLO?

Jawabin da kwamitin ƙungiyar ƴan asalin Waca ya karanta a gaban taron shekara. An buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu dattawa, malamanmu, uwayenmu mata, da ƴan'uwa da suka taso daga Kano da Damagaram da Yamai da Legas da Agadas, har da waɗanda takardar nan za ta iske a Libiya da Aljeriya, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa, tare da fatan kowa ya baro iyalinsa lafiya. Mun gode wa Allah da ya sake tara mu.

Kowace shekara in mun haɗu, maganarmu ba ta wuce rijiya da lakwal da hanya da taki. Bana kwamiti ya ga ya kamata mu taɓa wani abu da ya fi waɗannan kusa da jikinmu, watau ɗakin da muke kwana a ciki, da kayan da muke zuba masa. Wani zai ce wannan ai maganar mata ce. To, a yi mana haƙuri a saurara. Mafi yawan kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida, in an cire na hatsi, a gini da kayan ɗaki suke ƙarewa. Abin da ke cin guminmu haka ya cancanci a zauna a dube shi.

Ga abin da ya jawo maganar. Akwai ɗaya daga cikinmu, yana nan zaune, ya yarda a faɗa amma kada a kama sunansa. Rani huɗu ya yi yana tura kurar ruwa a Kano, yana tari, har ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki na bulon siminti da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, da ƴar taga guda, aka shafe shi da shuɗin fenti. Duk wanda ya wuce sai ya sa albarka. Da ya zo gida cikin bazara, sai ya tarar tsohuwa ta koma tsohon kagonta, sabon ɗaki kuwa an jibge buhunan gyaɗa a ciki. Ransa ya ɓaci, ya tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ɗaki ya yi kyau. Amma da rana tanderu ne, da dare kuma kamar an kife ni da tukunya. Ita gyaɗa ba ta ƙorafi."

Mun ga kun yi dariya. Mu ma mun yi sa'ad da ya ba mu labari. Amma da muka tambayi juna, sai muka tarar kusan kowa cikin kwamiti yana da irin wannan ɗaki a gidansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

ABIN DA MUKA TARAR

Waca ba garin jiya ba ne. Tare da Mirya da Dungas, yana cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta haɗa su ƙarƙashinta. Mutanen da suka daɗe haka a wuri guda sun san ranarsa da iskarsa da ruwansa, kuma sanin nan yana cikin irin ginin da suka bar mana.

Dattawa za su tuna yadda a kan yi. A kan ɗebo ƙasar gini daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana, a cura tubali a shanya. Magini ya kan fara bango da kauri daga ƙasa, yana tafiya sama yana rage shi. In soro ne, a jera azarar giginya, wadda gara ba ta cinta da sauƙi, a shimfiɗa asabari ko zana, a zuba ƙasa, a yi shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a kafa indararo. In kago ne, a ɗora masa jinka ta ciyawa. Daɓen ɗaki kuwa na mata ne, su kan yi gayya da maɗaɓai, suna bugu suna yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi ta yi ja. A ciki ga gadon kara, ga tabarmar kaba, ga buzun salla, ga randa a lungu bisa jiƙaƙƙen rairayi, ga ƙorai a ragaya. Tsofaffi kuma suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, da ake sa wa garwashi lokacin ɗari.

Akwai hikima a nan da ya kamata yaranmu su sani. Bango mai kauri na ƙasa ba ya barin zafi ya ratsa shi nan da nan. Rana ta kan yini tana dukansa, zafin yana tafiya cikinsa a hankali, kafin ya kai ciki yamma ta yi. Shi ya sa zaure ke da sanyi da azahar. Da dare bangon ya kan saki zafin da ya sha, abin da ke da amfani cikin ɗari, cikin bazara kuwa sai mutane su fito tsakar gida su kwana. Ita jinka numfashi take yi, iska mai zafi ta kan tashi sama ta fice ta tsakanin ciyawa. Randa ma haka, zufar da take yi a bayanta ita ce ke sanyaya ruwan cikinta.

Amma kada mu yaudari kanmu, ɗakin da ma yana da nasa aibi. Yana da duhu, don da yawa ba su da taga. Hayaƙi ya kan cika shi. Jinka tana jawo gobara, ɓera da kunama suna samun mafaka, soro kuma in an yi sakaci da yaɓe sai ya zubo wa mutane a ka. Waɗanda suka koma kwano suna da hujjarsu, ba mu zo nan don mu zarge su ba.

KWANO DA SIMINTI

Matsalar ita ce mun ɗauko kwano da bulo daga birni, mun baro sauran abubuwan da ke sa a iya zama cikinsu. Gidan birni da muka gani muka yi sha'awa yana da rufin ciki, da tagogi manya, da lantarki mai juya fanka. Mu kuwa mu kan tsaya inda kuɗi suka ƙare, watau bango huɗu, da kwano dab da kai, da taga guda wadda ba a buɗewa don tsoron ɓarawo.

A ƙasarmu cikin watan Afirilu da Mayu zafi ya kan kai awo 40 a inuwa, har ya wuce. Kwano falle ne siriri, da rana ta taɓa shi sai ya ɗauka, ya riƙa juye zafin a kan wanda ke ƙasa. Bulon siminti kuma ba shi da kaurin tubali, zafi na ratsa shi da wuri. In babu taga biyu da ke duban juna, iskar da ta yi zafi ba ta da hanyar fita. Mu da muka gina ɗakin muna can wurin nema. Waɗanda ke yini a ciki su ne tsofaffi, da masu ciki, da masu jego da jarirai, watau waɗanda zafi ya fi yi wa lahani.

Da damana ta faɗi kuma, ƙarar ruwa bisa kwano ba ta barin a ji maganar juna, iskar hadari in ta zo daga gabas ta samu kwanon da ba a ɗaure da kyau ba sai ta yaye shi. Da ɗari, kwano ya kan huce da wuri, asuba ta yi ɗaki ya zama kamar rijiya. Mutumin da bai yi barci ba, da safe ba shi da ƙarfin noma, ba shi da haƙurin zama da iyali. Faɗa nawa ne na cikin gida da asalinsu rashin barci ne, aka ɗora wa kishi ko shaiɗan?

SAURO DA HAYAƘI DA SANƘARAU

Nan ne maganar ta fi nauyi, don ta shafi rayukan ƴaƴanmu. Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin Magarya tsakanin Agusta da Oktoba ya ga yadda zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. Mu kuma Allah ya zaunar da mu kusa da fadamun Korama. Ruwan da ke ba mu rake da rogo da kayan lambu shi ne kuma ke raya sauro.

Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, kuma yawanci cikin ɗaki. Masu bincike sun gano cewa babbar ƙofarsa ita ce ratar nan da ke tsakanin kan bango da rufi. Yana bin warin mutum, ya ci karo da bango, ya bi shi sama, ya faɗa ta wannan rata. A ƙasar Gambiya, wajen garin Farafenni, an yi gwaji da gidaje 500 a 2006 da 2007. Wasu aka toshe musu ratar aka sa ragar waya a ƙofa da taga, wasu aka yi musu rufin ciki na raga, wasu aka bar su yadda suke. Sauron da ke shiga gidajen da aka gyara ya ragu da wajen rabi. Yara masu ƙarancin jini kuma aka samu 12 cikin 100 a gidajen da aka gyara, 19 cikin 100 a waɗanda ba a taɓa ba. Laka kaɗan da ƴar raga suka yi wannan aiki.

Raga ba ta hana a rataya sange, watau gidan sauro, kuma ba ta hana a ba yara maganin rigakafin da ake rabawa wata wata cikin damana. Amma ku lura da yadda abubuwan ke haɗe. In ɗaki ya yi zafi ƙwarai, mutum ba ya iya shiga sange, sai ya yaye shi, ko ya fita waje ya kwanta haka nan. Ashe zafin kwano ma yana taya sauro aiki.

Na biyu hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya, ta hanyar ciwon haƙarƙari da na huhu da na zuciya. Uwayenmu sun san tarin nan da jan ido. Cikin damana da ɗari a kan shigar da murhu ɗaki, mace na fifita wuta da goyo a bayanta, abin da ta shaƙa shi yaron ke shaƙa. Madafa mai rufi wadda gefenta ke buɗe ba ta da tsada. Murhun ƙarfe irin wanda ake kira Mai Sauƙi, da aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980, yana rage cin itace. Fitilar hasken rana kuma ta raba mu da hayaƙin aci-balbal da na kananzir, wannan kam abin zamani ne da ya zo da alheri.

Na uku sanƙarau. Ba mu manta ba, daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma maƙwabtanmu na Dungas su suka fi kowa jin jiki. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Maganin sanƙarau allurar rigakafi ce da saurin zuwa likita. Amma ciwo ne da ke bin numfashi, yana kuma samun hanya inda mutane da yawa suka cunkushe a ɗaki guda rufe ruf, cikin ƙurar hunturu. Wannan gargaɗi har da mu da ke kwana goma goma a shago guda a birni.

KAYAN ƊAKI

Uwayenmu mata, a gafarce mu, za mu shiga gonarku kaɗan. Ba mu raina jere ba. Mun san kayan ɗaki su ne dukiyar mace wadda miji ba shi da iko da ita. Su ne asusunta, in yunwa ta zo ta sayar da wani abu ta ciyar da ƴaƴa, in ƴarta ta isa aure ta rage mata. Su ne kuma shaidar cewa tana da dangi masu sonta. Kakanninmu sun yi jeren ƙorai, aka zo zamanin tasoshi, aka zo na kwanoni masu fenti da gado mai rumfa, yanzu ga tangaran da kuloli da kabad mai gilashi da kujerun kushin. Kowane zamani da nasa.

Abin da muke roƙo a duba guda biyu ne. Na farko, ɗakin bai ƙaru ba, kayan ne suka ƙaru. Ɗakin da aka yi don gadon kara da tabarma, yau an cusa masa gado mai faɗin mutum huɗu, da kabad biyu, da kujeru. Kabad ya toshe taga. Gado an lulluɓe shi da zannuwa don baƙi su gani, ba a hawansa, amarya da jaririnta suna ƙasa a ɗan wurin da ya rage, inda babu ko wurin ɗaura igiyar sange. Bayan kabad da ƙarƙashin kujera kuwa tsintsiya ba ta kaiwa, can sauro ke yini, can ɓera ke haihuwa.

Na biyu, kayan yanzu da yawa ba sa riƙe daraja. Tasa da kwano ko bayan shekara ashirin a kan sayar da su. Amma katakon nan na dusar itace da aka matse aka lulluɓe da ƙyalli, damana biyu in ya sha laima sai ya kumbure ya ɓare, ko kyauta ba mai karɓa. A kansa ne uwa ke sayar da tumakinta, uba ya jinginar da gona, wa ya ƙara rani guda a Libiya. An ci bashin abin da zai mutu kafin a gama biyansa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Laifin kuwa ba na mata kaɗai ba ne. Mu maza mu ne ke zuwa da hotunan ɗakunan birni a waya muna nunawa. Danginmu ne ke zuwa kallon ɗaki suna ƙirga kwanoni, su koma suna gori. Uwar da ta ci bashi tsoron bakinmu take yi. In gori ya mutu, rabin bashin nan ya mutu.

ABIN DA WASU SUKA YI

Kada a ce komawa ga ƙasa ci-baya ne. A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962. A 1986 masallacin nan ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen da suka yi fice a ƙasashen Musulmi. Laka ce irin tamu, hannu ne irin na maginanmu.

A garin Dandaji, nan cikin jihar Tawa, akwai wani tsohon masallacin laka da ya fara lalacewa. Wata ƴar Nijar mai ilmin tsara gini, Mariam Isufu Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi, aka gama a 2018. Tubalin da suka yi aiki da shi jar ƙasar wurin ce, a kan sa mata siminti kaɗan a matse ta da inji. Yana da ƙarfi da kyan gani kamar bulo, yana kuma tare zafi kamar tubali.

A Burkina Faso akwai Francis Kere, ɗan ƙauyen Gando, wanda ya yi karatu a Jamus. Yana yaro ya sha zafin aji, da ya girma ya komo ya gina wa ƙauyensu lakwal, aka gama a 2001. Dabararsa ita ce rufi biyu. Na ciki na tubalin ƙasa ne mai ƴan kafofi, na sama kwano ne da aka ɗaga bisa ƙarafa, ya zarce bango ta kowane gefe. Kwano na tare ruwa da rana, iska na wucewa tsakanin rufin biyu tana kwashe zafi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin tsara gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Kun ga bai jefar da kwano ba, wurin da ya dace ya ajiye shi.

Ga masu cewa azara ta yi wuya, gaskiya ne giginya ta ragu. Amma tun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a Cikal, cikin ƙasar Filinge, inda ake rufa ɗaki da ƙubba ko baka na tubali zalla, dabarar da aka samo daga ƙasar Masar. An horar da magina da yawa a Nijar a kan wannan aiki.

LAKA TANA SON KULAWA

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen. Ranar Talata 3 ga Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A damanar nan gidajen laka masu ɗimbin yawa sun faɗi a Nijar, an yi hasarar rayuka. Ruwan yanzu ya kan zo da yawa a lokaci guda.

Ginin ƙasa yana da sharuɗɗa. Kada a yi shi a kwari ko a hanyar ruwa. A ɗaga gindinsa da dutse ko siminti ya fi ƙasa tsawo, a ba shi rufin da ya zarce bango, indararo ya zubar da ruwa nesa da gindi, a kuma sabunta yaɓe kafin kowace damana, musamman bangon gabas da ruwa ke duka. Da can samari ke wannan aiki cikin rani. Yanzu cikin rani samarin suna Kano da Agadas, watau mu ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ba zai zo ba, ya aiko da kuɗin yaɓe kafin ya aiko da na fenti.

ADO

Ba mu ce a zauna a ɗaki fayau kamar kurkuku ba. Ido ma yana da hakkinsa, zuciya kuma ta kan huta in ta ga abu mai kyau. Wanda ya je Damagaram ya zaga unguwar Birni ya ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, dagi da sauran su, da zankwaye a kan soraye. Saboda irin wannan ne aka sa tsohon garin da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Baƙi na zuwa daga nesa su ɗauki hotonsa, mu kuwa muna rufe namu bangon da takarda mai hoton gidajen wasu ƙasashe.

Adon da hannun mutanenmu ya yi yana nan, kuma kuɗinsa a gida yake tsayawa. Ga tabarmar kaba mai rini, ga faifai, ga ƙwarya mai zane, ga tulu da randa na Mirya, ga matashin fata da batta na dukawan Damagaram, ga farar ƙasa da ke sa ɗaki ya yi haske ko da taga ƙarama ce. Tabarma a kan naɗe ta a share ƙarƙashinta, a shanya ta a rana. Shimfiɗar roba ba ta shan zufa, darduma mai gashi kuma rumbun ƙura ce. Wanda ya sayi tabarma goma a kasuwar Waca ya ciyar da gidan maƙwabcinsa.

Babban adon gida kuwa itace ne. Ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna har a wajen Nijar saboda gawon da manoma suka bari ya tsiro a gonakinsu tun daga shekarun 1980. Mu da muka iya raya gawo a gona, ba za mu kasa raya bedi ko mangwaro guda a yammacin ɗaki ba.

SHAWARWARIN KWAMITI

Ga abin da muke kawowa gaban taro, a duba, a gyara, a ƙara:

1. Mai niyyar gini ya zauna da wanda zai kwana a ɗakin, tsohuwa ce ko amarya, ya ji ta bakinta tun ba a ja igiya ba.

2. A juya ɗaki yadda dogayen bangonsa za su dubi kudu da arewa. A yi taga biyu masu duban juna, a sa musu sandunan ƙarfe da ragar waya, don a iya barinsu buɗe da dare.

3. In za a yi kwano, a ƙara tsawon bango, a yi rufin ciki ko da na asabari ne ko zana, a bar wa iska hanya tsakaninsa da kwano, a sa wa hanyar raga. In da hali a shafa wa kwanon farin fenti ta sama. Kuɗin tayil ya isa wannan, a fara da shi.

4. A toshe ratar kan bango. A kafa ƙusoshin rataya sange tun ranar jere, a kan gado da kuma inda yara za su kwanta.

5. A fitar da murhu daga ɗakin kwana, a yi wa mata rumfar girki.

6. Kada kabad ko labule mai kauri ya rufe taga. Abin da tsintsiya ba za ta iya shiga bayansa ba, a sake masa wuri.

7. Muna roƙon Sarki da malamai da shugabannin mata su zauna su tsai da abin da ya dace na kayan ɗaki, daidai ruwa daidai tsaki. Mu ƴan ƙungiya mu fara ɗaukar alkawari cewa ba za a ji gorin jere daga gidajenmu ba. Abin da uwa ta rage, ta saya wa ƴarta tunkiya ko keken ɗinki.

8. In taro ya yarda, a ware wani abu daga asusu a tura samari biyu cikin maginanmu su koyo aikin tubalin matsi da gini marar itace. In sun komo a fara gwadawa da ɗaki guda na ƙungiya, kowa ya shiga da azahar cikin bazara ya ji da jikinsa. Gani ya kori ji.

Shi ɗan'uwanmu da muka fara da labarinsa, bara ya fasa bangon arewa ya ƙara taga, ya yi rufin ciki da asabari, ya kafa rumfa a yamma. Ya ce abin da ya kashe bai kai kuɗin ƙofar ƙarfen ba. Tsohuwa ta kwashe gyaɗa ta koma ciki, sai dai har yanzu ta ƙi rabuwa da randarta, kuma mun ce tana da gaskiya.

Iyayenmu, ku kuka san ginin da, mu yara ne a gabanku. Inda muka yi kuskure a gyara mana, inda muka yi kaushin baki a yafe mana. Wanda ke da magana, fili na buɗe bayan salla, na nesa kuma ya aiko wa magatakarda da tasa, za a buga a fitowa ta gaba in Allah ya so.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana ƴaƴanmu, ya mai da matafiya gida lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah ya ja zamanin Sarki.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin ƙungiya